Gawon Kan Datsi

Har yau ba na iya hawa tudun da ke tare ruwa da takalmi a ƙafata. Sai na tuɓe na riƙe a hannu, ko da ana kallona. Na daɗe ban sami inda zan yi haka ba, domin a unguwar Zango ta Damagaram, inda tsufa ya same ni, babu ruwan da ake tarewa sai na randa. Bana ne aka ce mini an sake datse ƙoramar garinmu, kuma motoci ne suka yi aikin cikin 'yan makonni, ba wanda ya ɗauki ƙasa a ka. Tun da na ji labarin nan tsohon datsin yake dawo mini, da mutumin da ya kula da shi, da abin da na yi masa.

Garinmu yana yamma da Damagaram, kafin a kai Takieta, sai an bar babbar hanya an yi tafiya mai nisa a ƙasa. Akwai ƙorama a gefensa wadda ba ta da haƙuri. In an yi ruwan sama da safe sai ta cika ta yi ruri, kafin la'asar ta wuce da abinta ta bar yashi yana ƙyalli. Iyayenmu ne suka tare ta. Gwamnati ta aiko wanda ya auna ya kafa turaku, sauran aikin kuwa gayya ce, rani biyu cur. Maza na haƙar yumɓu da diga, samari na jigila da kwanduna, mata na yayyafa ruwa suna daɓe kamar yadda suke daɓe tsakar ɗaki, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ba ta wuce kaurin tafin hannu ba. Ni ina goye a lokacin, mahaifiyata ta ce ƙarar madaɓai ce take sa ni barci. A takarda baraji ake ce masa, mu datsi muke cewa. Tsayinsa bai kai mutum uku a tsaye ba. A can ƙarshensa an bar wani wuri mai ƙasa-ƙasa an jera duwatsu, nan rarar ruwa ke fita in tafkin ya cika. Shi muke kira makwarara. A bayan datsin, inda ƙasa ke riƙe laima har bazara, wasu gidaje kaɗan suka sauka suka kafa garake, suna noman albasa da yalo da tattasai.

Ba don namun daji aka tare ruwan ba, amma sun fi kowa saurin jin labari. Abin da na fi tunawa shi ne ƙara. Da sassafe kirinjijiya ke fara fito, garke guda, suna kewaya ruwan kafin su sauka. Dinya ba ta magana sosai, sai dai ka ji nauyin fikafikanta ya wuce bisa kanka. Da yamma gauraka biyu kan zo bakin can, in suka yi kuka har cikin gari ake ji, mata su ce a ɗora tukunya, rana ta yi. Zalɓe yakan tsaya wuri ɗaya tun hantsi har azahar kamar wanda aka ba ajiya. Ba wanda ya zuba kifi a tafkin, amma tarwaɗa ta cika shi, da kififiya, da guza mai ninƙaya da kai a sama. In ka zagaya gefen da babu mutane kafin shanu su zo su tattake, za ka karanta waɗanda suka sha ruwa kafinka: sawun barewa sirara, sawun dila, sawun zabin daji kamar an yi zane da tsinke. Mai gari ya hana harbi a bakin ruwa, ya ce wanda ƙishi ya kawo baƙo ne. Yanzu in na farka, kabu-kabu ne ke fara magana a ƙofar gidana, har dare ba ya yin shiru. Jikokina sun san gauraka, amma a cikin waya suka gan ta, kuma sun ɗauka tsuntsun wata ƙasa ce.

Mai kula da datsin yayan mahaifiyata ne, Kawu Ari, dogon mutum marar jiki, wanda kakanninsa suka zo daga Borno. Ba wanda ya naɗa shi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki ƙasar, da aka gama kowa ya koma harkarsa, shi bai koma ba. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya tuɓe takalmi, ya ɗauki sanda da wani farin kwano, ya bi datsin daga baki zuwa baki. Zuwa ta sama yake bi, dawowa ta gindin bayan, inda babu ruwa. Ya ce ido yana ganin abin da ya riga ya faru, tafin ƙafa ne ke jin abin da ke tafe. In ya taka wuri ya ji sanyi inda jiya babu sanyi, sai ya tsuguna. In akwai ɗan tsattsafo, ya tara kwanon, ya ajiye shi a kan dutse, ya zauna yana jan carbi har ruwan ya kwanta. In gindin kwanon ya fito fari, sai ya zubar ya ce gumi ne, kowane datsi yana gumi. In da zai ga laka a gindin, to ruwa ne ke cin ƙasar daga ciki yana fitowa da ita. Ramin kurege da na gafiya yakan cusa musu hayaƙi su fita, ya kwaɓa yumɓu ya ɗura, ya daddanna da sanda. Bai taɓa kashe ko ɗaya ba, korarsu yake yi yana yi musu faɗa kamar 'ya'yan maƙwabta. Akwai kuma aikin da ba ya ƙarewa. Awaki suna cin 'ya'yan gawo, su hau datsin su yi kashi, da ruwa ya sauka sai tsiro ya fito. Kawu yakan tuge su tun suna ganye biyu.

Ɗaya ne ya kuɓuce masa. Ina ƙarami kurkunu ya fito masa a ƙafafu biyu, ya kwantar da shi damina guda, shekara ta zagayo ya sake kwantar da shi. Waɗanda ya wakilta suka ga tsiron gawo a tsakiyar datsin, kafaɗar da ke kallon garake, suka yi abin da kowane ɗan Damagaram zai yi: suka kewaye shi da ƙaya kada awaki su ci. A ƙasarmu ba a taɓa gawo. Gonar da ke ƙarƙashinsa ta fi kowace hatsi, da rani shi kaɗai ke da ganye, dabba ta ci ta rayu. Tsofaffi na cewa a zamanin sarakunan da, wanda ya sare gawo da ransa yake biya. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, na dai san mutumin da zai iya zagin mai gari a bainar jama'a ba zai iya ɗaga wa gawo gatari ba. Kafin Kawu ya miƙe, itacen ya wuce tsayinsa. Ya yi magana, aka ce ya ji tsoron Allah. Daga baya shamuwa ta zo ta yi sheƙa a kai, ita ma tsuntsuwa ce da ba a kora, ita ke kawo bisharar damina. Sheƙa ɗaya ta zama goma. Da damina, in gawon ya zubar da ganye kamar yadda ya saba, sai ka hango shi daga gari, tsirara, ɗauke da sheƙuna da baƙaƙen tsuntsaye, inuwarsa a cikin ruwa. Ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba. Kawu ya haƙura, ya koma rage masa rassa kowane rani don kada iska ta riƙa girgiza shi tana sassauta ƙasa, kuma a gindinsa yake fi daɗewa da kwanonsa.

Ni aka kai ni lakkol, makarantar boko, a birni. Na dawo ina da shekara ashirin ko kusa da haka, da takardar gamawa, babu aiki. Mutanen gari suka laƙaba mini Mushe, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, rabi girmamawa rabi ba'a. A shekarar ne gwamnati ta fara aiko injiniya ya duba ƙananan madatsai sau ɗaya a shekara, bayan kaka. Mutum ne mai hankali, ba ya daka wa kowa tsawa. Ya kafa wani ƙarfe mai lambobi a cikin ruwa, ya ba ni littafi, ya ce ni ne mai kula a hukumance, in riƙa rubuta inda ruwa ya kai da duk abin da aka yi wa datsin. Kawu ba ya karatun boko, don haka ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Washegari ya tuɓe takalminsa ya tafi yadda ya saba, ni kuma na bi ta sama da littafina, takalmina a ƙafa.

Ranar da injiniyan ya tsaya a ƙarƙashin gawon ya daɗe yana kallon sama, sannan ya kalli ƙasa. Ya yi bayani da Faransanci, ni ina mayarwa da Hausa a gaban mai gari da dattawa, ban rage ko kalma ba. Ya ce itacen nan dole a cire shi. Ya ce ba sarewa kaɗai ba: da rani, in ruwa ya ja baya, a haƙa a bi saiwoyin a fitar da su duka, sannan a mayar da yumɓu ana daɓewa shimfiɗa bisa shimfiɗa kamar yadda aka gina tun farko.

Mai gari ya ce, "Mushe, ka ce masa ya sake dubawa. Wataƙila bagaruwa yake tsammani."

Injiniyan ya yi murmushi ya amsa da Hausa, "Ranka ya daɗe, ni ma a ƙarƙashin gawo aka yanke mini cibiya. Ba wurinsa ba ne nan."

Dattawa suka juya wajen Kawu, suna jiran ya kare itacen da yake wa aski kowace shekara. Sai ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Amma in za a cire, a cire duka. In ba za a iya ba, a bar mini shi da ransa."

Da rani aka kira gayya. Aikin na mutum hamsin ne, mutum huɗu suka zo, su ma suka zauna a inuwar gawon suna cin goro. Aka sake kira, ba wanda ya zo. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. An ba ni aiki na farko a duniya, an rubuta umarni a littafina, ina ganin shekara za ta zagayo in tsaya gaban injiniya babu abin da zan nuna. Na yi ta zirga-zirga a birni tsakanin biro biyu, wato ofisoshin gwamnati, na masu ruwa da ke cewa a cire, da na masu gandun daji da ke cewa ba a taɓa gawo, har na samo takardar izini. Na ce a raina rabin aiki ya fi babu. Na zaɓi ranar kasuwar Takieta, ranar da gari ke watsewa, Kawu ma ya tafi sayen igiya. Na zo da mutum biyu baƙi da dogon zarto, waɗanda ba su da gona a ƙasar nan balle su ji nauyin abin. Kafin azahar itacen ya kwanta. Na tara kara na ƙona kan kututturen don kada ya tofo, na rufe shi da ƙasa, na share wurin ya yi sumul. A littafi na rubuta: an cire itacen.

Da la'asar Kawu ya dawo. Ya hau datsin ya tsaya daidai inda inuwar take a da, rana na dukan kansa. Bai kalli gungumen da ke kwance ba, ƙasa yake kallo.

"Mushe, ina saiwar?"

"Tana ciki, Kawu. Amma ba za ta tofo ba, na ƙona ta."

"Da ma ta tofo," ya ce.

Ya zauna, ya ce in zauna. Ya ɗauki tsinke ya zana mini a ƙasa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai koya wa yaro alwala. Saiwar nan ta daɗe da ratsa datsin, ta bi laima har ta kai bakin ruwa. Muddin tana da rai, ita ce marfin ramin da ta haƙa. Yanzu za ta ruɓe, gara ta cinye sauran, ramin ya zauna babu kowa a ciki, daga wajen ruwa har wajen garake. "Ba bana ba," ya ce. "Wataƙila ba baɗi ba." Ya je wurin mai gari ya roƙa a kira gayya a haƙe kututturen. Wannan karon ba tsoro ne ya hana mutane zuwa ba, fushi ne. Suka ce wanda ya sare shi ya haƙa. Mutum biyu kuwa, ni da Kawu, ba sa buɗe cikin datsi su rufe kafin damina.

Da bazara shamuwa ta iso. Suka yi ta kewaya wurin da itacen yake, suna sauka a kan datsin suna tsayawa a jere, suna tashi suna dawowa. Kwana uku suka yi haka, a na huɗu ba mu gan su ba. Mata suka daina amsa gaisuwata a bakin ruwa. Bayan kaka injiniya ya zo, ya ga kafaɗar datsi fes, ya duba littafi, ya dafa ni ya ce da kowane gari yana da irina da ya huta. Kalma ɗaya ta isa a ranar. Da na ce kututturen yana ciki, da ya san abin da zai yi. Kawu yana tsaye a gefe da kwanonsa, yana kallona. Na yi shiru, shi ma bai tona ni ba.

Damina ta uku ce bayan sarewar. An kwana biyu ana ruwa, tafkin ya cika har makwarara na zuba. Da hantsi ina tsaye wajen ƙarfen ina rubuta lamba, na ji Kawu ya kira ni daga ƙasa, ba da Mushe ba, da sunana na yanka. Na gangara. Ya nuna mini kwanon a kan dutse. Ruwan ya kwanta, a gindinsa akwai jar laka da ta rufe farin gaba ɗaya. Tsattsafon da ke fita daidai ƙasan kututturen bai fi kaurin yatsa ba. Muna tsaye ya zama kaurin taɓarya.

Na ce a tura mai doki birni a sanar, kada a taɓa komai sai an ba da izini. Kawu ya ce, "Kafin dokinka ya ƙetare fadama, an gama. Je ka fitar da mutanen garake. Ka ce kada su tsaya ɗaukar komai sai yara da awaki." Shi kuma ya nufi gari yana kira. Mutanen da suka ƙi gayya sau uku suka fito da diga da fartanya ba tare da an buga ganga ba. Ya sa su suka kwashe duwatsun makwarara suka haƙa ta, don ruwa ya fita ta can ya rage nauyi. Da hannunsu suke zubar da ruwan shekara. Ni na bi gidajen ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta ƙi fita sai da tukunyar da ke kan wuta, na ɗauke ta ita da tukunyar. Haƙar da aka yi ta sayo mana lokaci, ba ta ceci datsin ba. Ana kiran la'asar kafaɗar ta zauna a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, sannan ta buɗe. Muna tsaye a kan tudu muka ga tafkin ya bi ta kan garake. Ba a rasa rai ba. Kafin magariba abin da ya rage sai laka, da tarwaɗa na birgima a ciki, da balbela da suka sauko suna ci.

Bayan mako biyu injiniya ya iso. Ya sauka cikin ɓarakar, ya tsaya gaban bangon da ruwa ya yanke. Ana ganin ramukan saiwoyin a jiki, baƙaƙe, wasu hannu na shiga har kafaɗa. Ya tambaya, da Hausa, yadda aka yi haka. Na buɗe baki, amma Kawu ya riga ni.

"Ni na bar shi ya girma," ya ce. "Tun yana ganye biyu ya kamata in tuge shi."

Gaskiya ce, amma ba ita aka tambaya ba. Injiniyan ya kalle ni. Na kalli littafina. Ya rubuta abin da ya rubuta ya tafi. Na ji daga baya rahoton ya ce mutanen garin ba su iya kula da datsi ba, don haka da aka zo gyaran madatsai aka fara da na wasu. Namu bai zo ba. Masu garake suka watse, wasu Zermu wajen dangi, wasu birni. Tsuntsaye ba su yi shawara da kowa ba. Ni kuwa littafin nan nawa mai tsabta shi ya samo mini aiki a Damagaram, na tafi kafin kaka. Mahaifiyata ta gaya mini Kawu bai daina fita da asuba ba. Yakan bi rabin datsin har bakin ɓaraka, ya gangara, ya hau ɗaya rabin, yana tuge tsiron gawo a kan tudun da ba ya tare komai. Haka ya yi har ƙafa ta gaza. Da ya rasu aka aiko mini da kwanon, wai shi ya ce a ba ni. Bai haɗa da saƙo ba. Duk waɗanda suka tsaya a kan tudu ranar nan sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, har ya zama babu wanda ya san zancen kututturen sai ni.

Makon jiya na je. Sabon datsin ya fi tsohon tsayi, makwararsa ta siminti ce, akwai allo mai rubutu a bakin hanya. Ruwa ya taru, amma shiru. Zalɓe ɗaya na gani, can nesa. Na tuɓe takalmina na hau. Wani magidanci ya taso daga garkarsa ya biyo ni, ya ce shi ne shugaban kwamitin kula, sunansa Mele. Ban san shi ba, bai san ni ba.

"Baba, akwai ƙaya fa. Ko takalmin ne ya matse?"

Na tambaye shi wa ke duba datsin. Ya ce masu dubawa na zuwa daga birni sau ɗaya a shekara, suna ɗaukar hoto da waya, kuma in an ga wani abu akwai lambar da ake kira. Na ce kullum fa, wa ke takawa? Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ai mota ce ta danne shi." Muka ci gaba. A tsakiya, a kafaɗar da ke kallon garake, na ga an kewaye wani abu da ƙaya, an yi da kyau, har da turaku. A ciki tsiron gawo ne, bai kai gwiwa ba.

"Ni na kewaye shi," in ji Mele, yana jin daɗi. "Yanzu duk inda gawo ya fito muna rainonsa. Nan da shekara goma sai ka zo ka sha inuwa."

Na ce ya zauna. Na zauna ni ma, a ƙasa, na ɗauki tsinke. Na gaya masa komai, har ranar kasuwa, har wutar da na hura, har abin da na rubuta a littafi da abin da ban faɗa ba. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Bai ce mini komai a kan laifin ba, ba shi ne mai yafewa ba. Ya daɗe yana kallon tsiron, sannan ya ce, "Amma Baba, gawo ne fa."

"Na sani. Shi ya sa za mu cire shi yau, tun ana iya cire shi duka."

Ya koma garka ya ɗauko fartanya. Muka haƙa a hankali, ni da hannu shi da ƙarfe. Tsiron da bai kai gwiwa ba, saiwarsa ta fi hannuna tsawo, kuma ta riga ta karkata wajen ruwa. Mele ya ɗaga ta ya duba, ya yi salati. Muka kwaɓa yumɓu muka ɗura ramin muka daddanna. Ya ce zai dasa shi a gefen can, nesa da datsi, inda in ya girma za a hango shi daga gari. Gawo ba ya son dashe, ban sani ba ko zai kama. Ban kuma sani ba ko akwai sauran shamuwar da ta san hanyar nan.

Na fito da kwanon daga jaka, bakinsa duk ya ɓare, na nuna masa yadda ake tarawa da yadda ake jira. Na ba shi. Ya rako ni har inda zan sami mota, ya koma. Da na waiwaya na hango shi a gindin datsin, ta bayan, shi kaɗai, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron ƙaya. Takalminsa na hannunsa.